Sunan Aro

A Issawan, arewa da Mayahi, tsawo ba sana'a ba ne. Amfanin dogon mutum biyu ne: ya kakkaɓo wa awaki 'ya'yan gawo, ya kuma ɗora wa maƙwabta jinka a kan rumbu. Isufu ɗan marigayi Danda ya yi duka biyun tun gemu bai tsiro masa ba, kuma ladan da yake samu shi ne tsokana. In ya wuce ta ƙofar masallaci, tsofaffi su ce ya leƙa musu gabas ko hadari ya taso. Ba ya shiga ɗakin kowa sai ya sunkuya, takalmi kuwa babu na ƙafarsa a kasuwa, sai na tayar mota da ake yanka masa a Mayahi.

Shi ne ɗan fari wurin uwarsa Zara'u, don haka tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta shi ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta, babu mai ganin laifin uwa a kai. In tana nemansa sai ta ce wa ƙanwarsa Mansura, "Kira mini wancan." In tuwo ne ta ajiye ta kau da kai. Sunan ƙanensa Abdulmumin kuwa ba ya sauka daga bakinta tun safe har magariba: Abdulmumin ka ci, Abdulmumin rana ta yi, Abdulmumin ina littafinka. Isufu bai taɓa cewa uffan ba, amma abin yana ci masa rai. Ƙato guda mai mita biyu da 'yan kai, yana kishin kiran suna kamar ɗan yaye.

'Yan'uwan nan biyu ba su haɗa kamanni ba sai a murya, wadda ko uwarsu takan rikita in ba ta waiwaya ba. Abdulmumin gajere ne, kansa na ja, shi aka sa lakwal, wato makarantar boko. Yana kwalej a Mayahi, saura shekara guda ya zauna jarrabawar fita, kuma burinsa ya zama malamin asibiti. Da za a haife shi naƙuda ta yi tsanani, aka ɗauki Zara'u a amalanke zuwa ɗakin haihuwa na Mayahi, shi ya sa yake da takardar haihuwa ta gaske, da rana da wata da hatimi, shekarar 1997. Isufu kuwa a cikin gida ya faɗo. Tasa takardar daga baya aka yi ta gaban alƙali da shaidu biyu, irin wadda ake rubuta wa "né vers" da Faransanci, wato an haife shi wajejen shekara kaza. Shaidun suka yi ta gardama kan ko kafin fara ta ci gero ne ko bayanta, aka dai rubuta wajejen 1993 don a huta.

Ana saura mako biyu Babbar Salla Isufu ya kora raguna zuwa kasuwar Tasawa. A nan wani malamin wasanni na kwalej, Mushe Ishaƙu (Mushe lakabin malamin boko ne, daga Faransanci), ya hango kai guda yana tafiya bisa kawunan jama'a. Ya manta da ragon da ya zo taya, ya bi shi. Ya auna tafin hannunsa da nasa, ya sa shi ya ɗaga hannu sama, sannan ya ja shi zuwa wani fili na siminti mai tsattsagewa, inda aka kafa ƙarfe da zobe a lanƙwashe. Ya miƙa masa ƙwallo ya ce ya saka ta ciki. Isufu ya ɗan ɗaga diddige ya ajiye ta kamar mai ɗora ƙwarya a kan danga. Mushe Ishaƙu ya dafe kai ya yi salati.

Wata uku Isufu ya yi a gidan Mushe yana koyon ƙwallon kwando. Da fari ƙwallon ce take wasa da shi, daga baya suka saba. Sai labari ya zo cewa za a yi zaɓen yara a Yamai, kuma masu ɗauka za su zo daga wata makarantar wasa ta Senegal. Matsala guda ce: 'yan ƙasa da shekara sha shida ake so, Isufu kuwa ko da lissafin shaidun nan masu sassauci ya kai sha tara.

Mushe ya hau babur ya keta rairayi har Issawan. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Zara'u ta zauna daga nesa, 'ya'yanta uku suna gefe.

"Inna," in ji shi, "yaron ga Allah ya zuba mishi arziki cikin ƙashi. Takarda tashi ce kaɗai ta tsuhwa. Ta ƙanen ce muke biɗa aro, shekara guda tak. In ya samu shiga mu gyara mishi wata, a maido ma wannan tashi kahin jarrabawa. C'est tout, shi ke nan, babu wanda zai ji."

Zara'u ta dubi Abdulmumin. Ba ta san takarda ba, amma ta san aro: ana aron turmi, ana aron jaki, ana maidowa. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe adaka, ta fito da takardar a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ba ta iya miƙa wa ɗan farinta hannu da hannu, sai ta ba Mansura ta kai masa.

Abdulmumin ya bi takardar da ido. Ya yi murmushi don kada a ce yana baƙin ciki da arzikin wansa, ya ce, "Yaya, aro ne hwa."

"Aro ne," in ji Isufu. "Da hannuna zan maido maka ita, in Allah ya yarda."

Alkawari kaya ne, amma ranar Isufu bai ji nauyinsa ba.

A Yamai bai sha wahala ba. Mai shekara sha tara a cikin 'yan sha biyar, ai sai abin da ya ga dama. Masu ɗauka suka yi ta rubuce-rubuce suna mamakin ƙarfin da ya fi shekarun mai shi. Cikin wata biyu aka yi masa fasfo: fuskar Isufu, sunan Abdulmumin Danda. Abin da Mushe Ishaƙu bai faɗa a kan tabarmar nan ba, kuma ya sani sarai, shi ne ranar da aka buga fasfo aro ya ƙare. Irin malaman nan ne da ke ganin gwarzo a jikin ɗan wani, su manta gidan yana da sauran 'ya'ya.

Da lokacin jarrabawa ya matso, kwalej ta nemi kowane ɗalibi ya kawo takardar haihuwa. Abdulmumin ya tafi Tasawa wurin Mushe. Mushe ya rufe ƙofa ya yi masa bayani a hankali: sunan nan da lambar nan yanzu suna cikin jerin 'yan wasan ƙasa. In suka sake bayyana a jerin masu jarrabawa a Mayahi, asiri ya tonu, a kori wansa daga wasa har abada, wataƙila ma a haɗa da kaso. Ya ce ya yi haƙuri sai baɗi. Abdulmumin ya kira wansa a Dakar ta Senegal, Isufu ya saurara, shi ma ya ce baɗi. Baɗi ta zo ta haifi wata baɗin. A shekara ta uku Abdulmumin ya tattara littattafansa ya sa a adakar uwarsa, daidai wurin da takardar take a da, ya ɗauki hauya.

Shi kuwa Isufu wasa ya karɓe shi. Daga Dakar aka saye shi zuwa wata ƙungiya a Maroko, daga nan Tunisiya. Amurka da Mushe ya yi ta kwaɗaita masa bai taɓa ganin ta ba sai a talabijin, amma ya ci abinci da sana'ar, wanda ba kowa ke samu ba. Aikinsa tsayuwa ƙarƙashin kwando: ya tare ƙattai da ƙirji, ya cafke duk ƙwallon da ta kuskure, ya sha gwiwar hannu a haƙarƙari ya yi shiru. Haƙoransa biyu suka zube a fili, yatsunsa suka karkace. Ya gina wa uwarsa ɗakin siminti, ya mayar da shanun da fari ya kashe, ya aurar da Mansura, ya aiko wa ƙanensa babur sabo fil. Abdulmumin bai taɓa roƙon ko ɗaya daga ciki ba. In sun yi waya, bayan gaisuwa da labarin damina, tambayarsa guda ce: "Yaya, yaushe?" Daga baya ya daina tambaya, kuma wannan shirun ya fi tambayar damun Isufu.

Akwai abin da Isufu bai taɓa faɗa wa kowa ba. Watannin farko in an kira Abdulmumin ba ya waiwayawa, har abokan wasa suka ɗauka kurma ne. Amma ranar da ya fara jin dubban mutane a zauren wasa suna tafi suna rera "Mu-min! Mu-min!", sai ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Sunan nan ne da ya girma yana jin uwarsa tana kira da daɗin baki, yau ga shi ana kiran sa da shi. Ya ji daɗi, ya kuma ji kunyar daɗin. Ba tsoron kaso kaɗai ya hana shi maido da aron ba, ya san haka ko bai faɗa ba. Takardar ta asali dai tana nan cikin leda a ƙasan jakarsa, duk ƙasar da ya je da ita yake zuwa, yana gaya wa kansa cewa mai ajiye abu da kyau haka ai niyyar maidowa gare shi.

A shekara ta tara damina ta yi gardama a Issawan. Abdulmumin ya kira shi, muryarsa da raha.

"Yaya, ni ma na yi aro. Na ɗauki takardarka na yi katin ɗan ƙasa, don hanyar arewa ba a wuce shinge babu kati. Ramin zinari za ni, bayan Agadas. Yanzu ni ne Isufu Danda, né vers. Ka ga har na girme ka da shekara huɗu."

Ya yi dariya. Isufu ya ce kada ya tafi, zai aiko da duk abin da ake bukata.

"Ba abin da kake aikowa nike so ba, Yaya," in ji Abdulmumin. "Ka san abin da nike so. Bar shi kawai."

Bayan shekara biyu, a wani wasa da ba shi da wani muhimmanci, Isufu ya yi tsalle ya cafko ƙwallo, ya sauka a kan ƙafar wani. Ya ji ƙarar gwiwarsa kafin ya ji zafin. Likitan ƙungiya ya ɗaga hoton ƙashin ya duba, ya duba fasfo, ya sake duba hoton. Ya ce shi dai bai taɓa ganin ɗan shekara ashirin da shida da gwiwar da ta ci duniya haka ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Aka yi masa aiki, ƙungiya ta yi masa godiya da kalmomi masu daɗi, ba ta sabunta kwantiraginsa ba.

Abin mamaki, a kan gadon asibitin Isufu sauƙi ya ji. Wasa ya ƙare, babu sauran abin da za a kore shi daga ciki. Zai koma gida, ya kira Abdulmumin ya baro ramin nan, su tafi gaban alƙali a Mayahi su faɗi gaskiya, kome za a yi masa a yi. Yaron bai wuce ashirin da shida ba, ana shiga makarantar aikin asibiti da shekarun da suka fi haka. Ya kira lambarsa sau da yawa ba ta shiga, bai damu ba, don can wurin ba kullum ake samun layi ba.

Yana fara takawa da sanda Mansura ta kira. Ta gaishe shi da jiki, sannan ta ce, "Yaya, ka zo gida, ana biɗarka." Ya tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau, ya dai zo. Duk ɗan ƙasar nan ya san irin wannan lafiyar, ba a faɗin mutuwa a waya. Uwarsa ce ta faɗo masa a rai, don ta tsufa, idanunta sun yi yana. Daga jirgi zuwa motar Yamai, daga Tasawa zuwa Mayahi, ƙafarsa a miƙe tsakanin kujeru, addu'arsa guda ce: Allah kada ya ɗauke ta bai gan ta ba.

Ya isa Issawan da hantsi a bayan wata a-kori-kura. Tabarmi na shimfiɗe a ƙofar gida, tsofaffin da suka saba tsokanarsa suka miƙo hannu ɗaya bayan ɗaya suna cewa ya haƙuri. Babu wanda ya tambaye shi labarin hadari. Ya shiga zaure ya tarar da Mansura, goyo a bayanta.

"Inna?" ya ce.

"Inna na ɗaki. Abdulmumin ne, Yaya. Yau kwana tara."

Ya jingina da bango, sandar ta faɗi. Mansura ta ɗauko masa kujera, ta tsuguna gabansa ta ba shi labarin tana kuka ƙasa-ƙasa. Rami ne ya rufta da su su huɗu, aka tono su aka binne a can. Abin da ya iso gida shi ne katinsa da takardar shaidar mutuwa, wani jandarma, jami'in tsaro, ya kawo daga Mayahi.

"Bai san mu ba, Yaya, abin da ke rubuce ya karanta. Ya tsaya nan bakin zaure ya ce, nan ne gidan su Isufu Danda? Allah ya yi mishi rasuwa. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta saki rariya ta miƙe ta ƙwala kira: Isufu! Isufuna! Har sau ukku. Duk unguwar ga an ji ta. Tun da nike ban taɓa jin sunan ga a bakinta ba."

Mansura ta share hawaye ta ci gaba.

"Sai da na amshi katin na ga hoto, na ce Inna ba shi ba ne, ƙaramin ne. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta hwaɗi. Tun da ta tashi, maganar farko ce ta zauna mata. Mun hwaɗa mun hwaɗa, in ta gane sai ta sake suma. Malam ya ce a ƙyale ta hakanan."

Ta miƙo masa takardar mutuwar. Ya karanta da ɗan Faransancin da ya tsinta a duniya: Isufu Danda, an haife shi wajejen 1993, ya rasu ranar kaza. Ga hatimi, ga sa hannu. Hukuma ta binne sunansa a wani rami bayan Agadas, tare da wanda ya ara. Ya sa hannu a aljihu ya taɓa ledar nan da ya yi shekara goma sha ɗaya yana yawo da ita. Ya kawo aron da hannunsa kamar yadda ya yi alkawari, mai shi ne babu. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, da haushin Mushe Ishaƙu, da haushin kansa wanda ya fi kowane. Ƙarƙashin wannan duka kuma akwai wani ƙaramin abu mai ban kunya da ya kasa korewa: uwarsa ta kira sunansa sau uku, yana can wata ƙasa bai ji ba.

Ya tashi ya ɗingisa zuwa ɗakin simintin da ya gina mata. Ko shi sai da ya sunkuya kafin ya shiga, don maginin bai yi ƙofar da shi a rai ba. Zara'u na zaune a kan tabarma, tasbaha a hannu, ta rame har ya kusa kasa gane ta. Ya yi sallama.

Ta ɗaga kai da sauri, fararen idanunta suna neman inda muryar ta fito.

"Wa nike ji? Abdulmumin? Kai ne ka dawo?"

Gwiwar ba ta lanƙwasuwa, sai ya zube gabanta a karkace, ƙafa guda a miƙe. Ledar takardar aron na hannunsa. Kalma uku kawai zai faɗa, Isufu ne, Inna, wataƙila ta maimaita ko sau ɗaya ya ji da kunnensa. Ya waiwaya. Mansura na tsaye bakin ƙofa tana girgiza masa kai, hawaye na zuba.

Tsohuwar ta laluba ta kama gefen rigarsa ta riƙe gam.

"Ka ji abin da ya same mu? Wanka ya tahi. Ni na hiddo takardar da ta kai shi duniya, da hannuna. Shekara talatin ina da shi, ban taɓa kiran shi ya amsa ba." Ta ƙara damƙe rigar. "Kai kaɗai ka rage mini a maza. Kada ka koma ramin nan, ka ji? Abdulmumin?"

Isufu ya ninke ledar a hankali ya mayar da ita aljihu.

"Na'am, Inna," ya ce.